Tafiyar da Ba a Yi Ba

"Baba, wannan tafiyar ba a yi ta ba."

Kafinta ya dubi yarinyar da ke zaune bayan gilashi. Ya dubi 'yarsa Auta da ke tsaye a gefensa. Sannan ya kai yatsa ya taɓa ɗinkin da ke goshinsa. Ɗinkin yana nan.

"Sake faɗa in ji."

Yarinyar ta juyo masa da fuskar kwamfuta, sai ka ce karantawa zai yi. Layuka ne birjik, ɗaya da jan rubutu. "Ga shi nan. An kira mota ta waya, mota ta zo, sai aka soke. Daga nan babu komai. Mu a wurinmu ba ku shiga motar ba."

"To a ina matata ta karye?"

"Wannan kam ban sani ba, Baba."

"Ni na sani. Ina wurin."

Direbobin da ke jiran layi a kan kujerun roba suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ya waiwaya sau ɗaya, dariyar ta mutu. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa ba ta kawo iska. A bango an manna hoton wata mata zaune a bayan mota tana murmushi har kunne, kamar an yi mata bushara. Kantar da ta raba shi da yarinyar kuwa katakon banza ne, an buga ƙusa a karkace an rufe da fenti. Idonsa ba ya barin irin wannan ya wuce.

"Kira mini mai kamfanin."

"Ba ya nan."

"Zan jira."

"Baba, ba wai fita ya yi ba. Ba a nan yake ba gaba ɗaya. Ni ma ban taɓa ganin sa ba."

"To wa ke biyan ki?"

"Waya ce ke yin ƙara ƙarshen wata."

Wani direba mai ƙaton tumbi ya ce daga baya, "Baba, in ka same shi ka gaishe mana da shi. Mu da muke masa bauta ma ba mu san kamanninsa ba."

Yarinyar ta sassauta murya. Ta ce da tafiyar tana kan waya lokacin da abin ya faru, da akwai inshorar fasinja, da kamfani ne zai biya asibiti. Amma tunda an soke, hannunsu ya fita. Kuma su dama ba kamfanin mota ba ne, ko taya ɗaya ba su mallaka ba. Mai neman mota da mai tuƙi kawai suke haɗawa.

"Dillalai ke nan," in ji Kafinta. "Dillalin da na sani, in kaya suka lalace ana samun sa a rumfarsa."

"Sai dai ku rubuta ƙorafi a cikin wayar."

"Mun rubuta," Auta ta ce a hankali. "An amsa mana cewa an ji daɗin saƙonmu."

Kafinta faɗa yake so ya yi, amma bai ga wanda zai yi wa ba. Yarinyar sa'ar Auta ce, kuma da ya shigo sai da ta miƙe ta gaishe shi. Ya gyara hularsa a kan ɗinkin, ya fita.

* * *

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Ranar ce likitan ido ya ce matarsa ta koma. Auta tana wurin aikinta a kantin magani, ta kira musu mota da wayarta don kada uwar ta sha wahalar bas. Mota ta zo har ƙofar gida. Direban ba yaro ba ne, furfura ta fara masa a gemu, kuma da kansa ya fito ya buɗe wa tsohuwar ƙofa. Wannan ya kwanta wa Kafinta a rai.

Kafin ya ta da mota sai ya sosa ƙeya. "Baba, wata alfarma. In aka bar tafiyar nan a kan waya, kamfani zai yanke nasa, mai mota ya ɗauki nasa, man fetur ya shanye sauran. Ni ciwon baya kaɗai nake kai wa gida. A soke ta, ku ba ni a hannu. Ku a wurinku kuɗin ɗaya ne."

Kafinta ya gane wannan maganar sarai. Ya yi aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila. Ya san mutumin da bai taɓa riƙe guduma ba amma shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Ya kira Auta a waya.

"Soke tafiyar nan."

"Baba, ba a so a yi haka. In wani abu ya..."

"Ni ne a cikin motar ko ke?"

Can wayar direba ta yi ƙara. An soke.

Ba su yi nisa ba. A wata kwana tifa ta fito da baya ba ta duba ba. Direba ya kauce mata, motar ta saki kwalta ta daki kwalbati. Kafinta yana gaba, goshinsa ya sami gilashi. Da ya waiwaya sai ya ga matarsa a matse tsakanin kujeru, ƙafarta ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi ihu ba. Tambayar sa take yi ko tabaronta ya fashe. Tifar ta yi gaba abinta.

A asibiti likita ya ɗaga hoto ya haska a taga. Ƙashin cinya ne, can sama kusa da ƙugu. Ya ce aiki za a yi a sa ƙarfe, in an yi da wuri za ta taka kamar kowa. In aka ja lokaci kuwa, ƙashi ba ya jiran kowa, yadda ya sami kansa haka zai haɗe. Da aka faɗi kuɗin ƙarfen da na aikin, Kafinta ya auna shagonsa a zuci, har da bencin aiki da ƙofar shagon, ya ga ba su kama hanya ba. 'Yan uwa suka haɗa abin da suka haɗa, magani da gado suka lashe shi. Aka kwantar da ita, aka rataya mata buhun yashi a ƙafa, yana lilo a ƙarshen gado.

Auta ba ta taɓa ta da maganar wayar ba. Tana kawo abinci, tana wanke uwar, tana ce masa sannu Baba kamar kullum. Da ta gaya masa baƙar magana ko sau ɗaya, da ya sami abin yi wa tsawa ya huta.

* * *

Direba kullum yana zuwa, hannu a saƙale a wuya, da 'yar ledar lemo. A bakin ɗakin mata yake tsayawa sai an ce ya shigo. Ranar da suka dawo daga ofishin kamfani, Kafinta ya tare shi a gindin gado.

"Gobe za ka bi ni. Ka gaya musu da bakinka ka ɗauke mu."

Direba ya sunkuyar da kai. "Baba, ba za su saurare ni ba. Su ba su san ni ba. Sunan da ke kan wayar ba nawa ba ne."

"Na waye?"

"Na wani ne. Haya nake yi. Ni da na nema sun ce takarduna ba su cika ba."

"Ana hayar suna?"

"Ana yi, Baba. Duk mako nake biya."

"Motar fa?"

"Ita kuma ta wani ce daban."

Kafinta ya ƙura masa ido. "Kai ɗin dai kai ne? Ko kai ma aro aka yi?"

Matarsa ta yi dariya daga kan gado. Dariyar ta taɓa ƙashin, ta koma nishi.

Mai sunan, wayarsa a kashe take. Mai motar an same shi a wurin wankin mota, zaune da waya a kowane hannu. Ya ce shi ma asara ya yi, a je a ga yadda gaban motar ya koma. Amma shi ba ya wasa da takarda, yana da inshora, a je can.

Ofishin inshora a saman bene yake, sanyi kamar cikin firij. Wani mai laktaye a wuya ya ba Kafinta kujera mai laushi, ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce takardar motar ta gida ce, ba ta haya ba. Wanda motar ta buge a waje shi suke biya. Fasinjan kuɗi ba ya ciki.

"Kun biya direban?"

"Ba mu kai ga biya ba."

Mutumin ya ɗan yi tunani. "Amma da niyyar biya kuka shiga."

"Da niyyar zuwa likitan ido muka shiga."

"Na gane, Baba. Da a ce a bakin titi take tsaye motar ta same ta, da yau ɗin nan mun buɗe fayil. Amma a ciki kuke."

Kafinta ya sauko yana dafa bango. A tsakiyar matakala ya tsaya. Na farko sun hana shi don ba su shiga motar ba. Na biyu sun hana shi don sun shiga. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, kamar katakon da ya ƙi zama a mazauninsa. Duka biyun da ladabi suka yi masa magana. Duka biyun sun ce masa Baba. Ya rasa a ina aka yi masa rashin mutuncin.

* * *

Akwai wani mutum da ke yawo a barandar ɗakin masu karaya da baƙar jaka a hammata. Ba likita ba ne, ba kuma jinyar kowa yake yi ba. Nas-nas sun san shi, masu shara sun san shi. Mai Jaka ake ce masa. Wata rana da hantsi ya zauna kusa da Kafinta a kan benci, ya gaishe shi, ya tambayi mai jiki. Bai nemi a ba shi labari ba, dama ya sani.

"Baba, kamfani sun ce ba ku shiga motar ba, ko ba haka ba?"

"Haka suka ce."

"To me ya sa kake musu da su? Manyan mutane, ga kwamfuta. Ka yarda da su mana."

Kafinta bai gane ba. Mai Jaka ya matso. Ya ce ya ga takardar 'yan sanda. Abin da suka rubuta kawai, mota ta daki kwalbati, mace ɗaya ta ji rauni. Ba su ce a ciki ba, ba su ce a waje ba. Mutumin inshora kuwa da baki kawai aka gaya masa, bai rubuta komai ba.

"Inna tana tsaye a bakin titi tana jiran bas. Kai kana gefenta. Mota ta kwaso ta same ta. Shi ke nan, inshora ta biya, a sa ƙarfe. Ni nawa kaɗan ne, kuma sai kuɗi ya fito."

"Ƙarya ke nan."

"Su suka fara, Baba. Kai ƙarasawa kawai za ka yi."

Kafinta ya tashi ya bar masa bencin. Duk layin da shagonsa yake an san shi. In ka kawo masa ruɓaɓɓen katako zai gaya maka a gaban matarka. Ya kori masu ciniki da yawa da wannan halin, bai taɓa bin kowa ya ba shi haƙuri ba. Bai tara komai ba a duniya sai wannan, cewa in ya ce abu haka ne, to haka ne.

Da yamma Direba ya same shi a bakin famfo. Ashe Mai Jaka ya riga ya bi ta kansa.

"Baba, na ji abin da mutumin nan ya ce. Ku yi."

"Ka san abin da za a rubuta? Ka buge mai tafiya a ƙasa. Za su karɓe lasinka. Da me za ka ci da yara?"

"Ni na ce a soke."

"Ni na sa aka soke."

"Da ban roƙa ba, da ba a soke ba."

"Roƙo ka yi. Dole ka yi mini?"

Suka tsaya suna jayayya a kan laifin, kowa na jan sa wajensa, sai ka ce gado ake rabawa. Ba wanda ya ci.

Da Auta ta zo da abinci ya kira ta gefe. Bai taɓa neman shawararta ba, don haka maganar ta fito masa a gicciye, kamar umarni.

"Ke me kika gani?"

"Duk abin da ka ce, Baba."

"Tambayar ki nake yi."

Ta daɗe tana kallon kwanon da ke hannunta. "Wancan karon na faɗa," ta ce. Nan take ta sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Baba."

Bai yi mata tsawa ba. Ya shiga ɗakin. An ja labule a gadon matarsa, wata nas ta fito da tasa a rufe, ta wuce shi ba ta dube shi ba. Ya jira kaɗan sannan ya ɗaga labulen. Matarsa ta juya fuska bango. Macen da tun aurensu ko tari ba ta so a ji ta yi a banɗaki. Ya zauna ya fara yi mata bayanin kamfani da inshora da abin da Mai Jaka ya kawo. Shi kansa da yake faɗa bai ji maganar ta haɗu ba.

"Malam," ta ce, fuskarta na bango, "ni ban san kamfani ba, ban san inshora ba. So nake in je banɗaki da ƙafata in rufo ƙofa."

Ya zauna kaɗan. Sannan ya tashi ya fita baranda neman baƙar jaka.

* * *

Washegari suka je inda hatsarin ya faru su uku, shi da Direba da Mai Jaka. Har yanzu akwai ɓaraguzan gilashi a gindin kwalbatin. Mai Jaka ya ciro alli ya yi zane a ƙasa.

"Nan Inna take tsaye."

"Nan bakin kwata ne," in ji Kafinta. "Wa ke jiran bas a bakin kwata?"

"To nan."

"In nan take, kuma mota daga can ta fito, ƙafar hagu za ta buga. Ta dama ce ta karye. Sai dai in ta ba titi baya."

"Me zai sa ta ba titi baya?"

"Magana take yi mini. Ni ina nan." Ya taka ya tsaya a wurin. "Na kai hannu in janyo ta, na faɗi, goshina ya sami kankare."

Mai Jaka ya dube shi ya girgiza kai. "Baba, da ka shigo sana'ar nan da wuri, da tuni ka gina bene."

Kafinta ya ji kamar an watsa masa ruwan wanki. Shi bai yi niyyar taimakawa ba. Abu ne aka ajiye a karkace, hannunsa ya miƙe shi.

Daga tsallaken titi wani mai facin taya ya taso yana goge hannu a wando. "A'a, Baba. Ba kai ne muka ciro daga gaban motar nan ba? Yaya jikin Inna? Ni na riƙe mata kai."

Kafinta ya san shi. Tun ranar yake cewa in an sami sauƙi zai zo ya yi masa godiya. Ya juya fuska ya kama kallon alli. Mai Jaka ya ja mai facin gefe, ya sa masa hannu a kafaɗa, suka yi ƙus-ƙus.

Koya wa matarsa ya fi wuya. Allurar da ake yi mata tana sa ta gyangyaɗi, kuma ita ba ta saba ba.

"A ina kike lokacin da abin ya faru?" in ji Mai Jaka.

"A baya."

"Bayan me, Inna?"

"Bayan... bakin titi."

"A tsaye."

"A tsaye. To da muka sha kwanar nan..."

"Ba ku sha kwana ba, Inna. Motar ce ta sha kwana."

"Oho. Mu fa?"

"Ku kuna tsaye."

"Mun daɗe?"

Safe da yamma Kafinta yake zama a gefen gado yana maimaita mata. Tsaye suke. Bas suke jira. Ta juyo tana yi masa maganar tabaro. Har ta kai in ta farka daga barci da shi take farawa, kamar mai haddar karatu.

Mai bincike na inshora ya zo da waya mai ɗaukar murya. Ta faɗa daidai, ko gargada babu. Aka juyo kan Kafinta. Ya zaci muryarsa za ta yi rawa. Ba ta yi ba. Ya faɗi inda rana take, ya faɗi launin bas ɗin da suka hango, ya nuna yadda ya kai hannu. Mai binciken yana gyaɗa kai. Ya ce irin shaidar da suke so ke nan, ta dattijo wanda ba ya ƙari. Direba ya amsa cewa haka aka yi. Aka miƙo takarda, Kafinta ya zana sunansa a hankali, harafi bayan harafi. Da aka watse ya je famfo ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa.

* * *

Sai jira.

Auta ce ke kira. Ana kan dubawa. Fayil ya hau sama. Wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Ya dawo, amma ana son wani hoton. An kai hoton, fayil ya sake hawa sama. Kafinta ya tambayi Mai Jaka ko benen hawa nawa ne. Mai Jaka ya ce a ƙara haƙuri, irin wannan ba ya faɗuwa.

Na Direba kam bai ɗauki lokaci ba. Aka karɓe lasinsa, mai sunan ya ba wani hayar. Ya zo sau ɗaya babu ledar lemo, ya ce yana ɗaukar bulo a wani gini. Ya tambaya ko kuɗi ya fito. Daga nan ba a ƙara ganin sa ba.

Masu gadon dama da na hagu suka warke suka tafi, wasu suka zo. Buhun yashi yana nan yana lilo. Wata safiya likita ya sa aka sake hoto. Ya ɗaga shi a taga ya daɗe yana kallo.

"Ya kama," ya ce.

"Alhamdu lillahi," in ji Kafinta.

"Ba haka muka so ya kama ba, Baba." Ya ɗora yatsa ɗaya a kan ɗaya ya nuna masa. Ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa ya haɗe a haka. Ƙafar ta gajarce. In za a gyara yanzu sai an sake karya shi, kuma da shekarunta da hawan jininta, shi ba zai sa wuƙa ba ko da an kawo kuɗin a buhu.

"Amma kuɗin na nan zuwa."

"Na sani, Baba."

Aka kwance buhun yashin. Ana bukatar gadon.

Sun kwana biyu a gida sannan wayar Auta ta yi ƙara. An biya. Kafin la'asar Mai Jaka ya yi sallama a ƙofa, kamar ya ji ƙamshi. Ya karɓi nasa, ya yi wa Inna addu'ar samun lafiya. Sauran ya tafi a bashin asibiti. Kafinta bai taɓa ko takarda ɗaya ba, ya ce Auta ta ji da shi.

* * *

Ƙanwar matarsa ta zo dubiya daga nesa, ta iso da hantsi. Ta tarar da yayarta a tsaye a tsakar gida, hannu ɗaya a kan ƙyauren ɗaki, ɗaya a kafaɗar Auta. Kafinta yana durƙushe a gabanta da tarin guntayen katako. Takalmin ƙafar dama zai yi wa tudu, yana gwada kaurin da zai daidaita ta da 'yar uwarta.

Aka gaisa, aka yi kuka kaɗan, aka share. Baƙuwar ta zauna a kan kujera ta kwance mayafi.

"Ni fa a waya ban gane komai ba, Yaya. Wannan ya ce haka, wancan ya ce haka. Wai yaya abin ya faru ne?"

"Muna tsaye a bakin titi," matarsa ta fara, "muna jiran..." Ta girgiza kai. "A'a. Muna zaune. Direban ma shi ya buɗe mini ƙofa." Ta haɗa gira. Ta dubi tsakiyar kan mijinta.

"Malam, wai wanne ne? Ni wallahi duka biyun nake tunawa. Har bas ɗin nake gani yana tahowa."

Baƙuwar ta dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa.

Kafinta bai ɗago ba. Ya tura guntun katako ƙarƙashin diddigenta, ya daidaita shi da babban yatsa.

"Taka," ya ce.

Ta taka. Kafaɗarta ta dama ta sauka ƙasa. Da saura.

Ya zare katakon, ya laluba cikin tarin, ya ɗauko wanda ya fi shi kauri.